Tambayoyi da Amsoshi Kan Tagulla: Mutum-mutumi, Mundaye da Sauran Kayan Zubi

Kakana na wajen uwa maƙerin fari ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Fartanya da lauje ba nasa ba ne, wannan aikin maƙeran baƙi ne. Shi nasa mundaye ne, da zobba, da ƙararrawar doki, da kwalliyar linzami. Ban gaji sana'ar ba, alli na riƙe har na yi ritaya, amma tun ina yaro ina ja masa zuga-zugi son wannan ƙarfe ya shige ni, bai kuma fita ba. Yanzu da aka san ni da tara irin waɗannan kaya, da wuya mako ya wuce wani bai yi sallama a zaurena da abu ƙunshe a tsumma ba, ko a turo mini hoto ta WhatsApp. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in haɗa amsoshin wuri guda.

Malam, wai tagulla da jan ƙarfe abu ɗaya ne?

A bakinmu na yau da kullum, kalmar tagulla ta rufe abu uku. Akwai jan ƙarfe zalla, irin na cikin wayar lantarki, mai laushi, har da hannu ana lanƙwasa shi. In aka narka shi aka haɗa da kuza, irin wanda aka daɗe ana haƙowa a Jos, sai ya yi tauri, launinsa ya yi duhu. Wannan ita ce tagulla ta ainihi, kuma galibi cikin kashi 100, wajen 88 jan ƙarfe ne, 12 kuza. In kuwa tutiya aka haɗa masa a madadin kuza, sai ya fito rawaya kamar zinariya. Shi ne ƙarfen kan famfo irin na da, da kwaɗon ƙofa mai kyau, da kwanson harsashi. Sau da yawa maƙera kan ƙara 'yar dalma don narkakken ƙarfen ya gudana ya shiga kowane lungu. Ina nufin dalma ta ainihi, mai nauyin nan ta cikin batirin mota, ba wadda muke cewa tukunyar dalma ba. Waccan alminiyom ce.

Mai son ganin tagulla ta ainihi ya tambayi tsohuwar gidansu ko tana da kwabo mai huji na 1959. Ya ajiye shi kusa da tsohon kwaɗo mai rawaya, idonsa zai raba masa gardama.

Yaya ake zuba mutum-mutumi har ya fito da ido da hanci da zanen fuska?

Da kakin zuma. Ban taɓa ganin kakana ya zuba siffar mutum ba, amma hanyar da yake zuba ƙararrawar doki ita ce dai hanyar da aka bi aka zuba kawunan sarakunan Ife.

Da farko yakan kwaɓa yumɓu da busasshen kashin jaki, ya mulmula shi daidai girman cikin ƙararrawar, ya bar shi ya bushe a inuwa. Sai ya gasa kaki ya yi laushi, ya daɓe shi falle-falle kamar waina, ya lulluɓe yumɓun da shi. Kaurin kakin nan shi ne zai zama kaurin ƙarfen, ba ƙari ba ragi. A kan kakin yake duk adonsa: ya murza wani siriri kamar taliya ya naɗa a gefe, ya ɗauki tsinke ya yi ɗige-ɗige. Ina tuna yadda yake tsoma yatsa a ruwa kafin ya taɓa, don kada zafin hannunsa ya ɓata zanen. Daga nan ya liƙa wani ɗan sandan kaki a sama, wanda zai zama hanyar shigar ƙarfe. Sai ya shafe komai da ruwan yumɓu mai laushi ƙwarai, ya bari ya bushe, ya sake shafawa, sannan ya bi da yumɓu mai kauri har abin ya zama dunƙule kamar curin fura.

Ranar zubi, sai a sa dunƙulen a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa fayau a ciki. A nan aikina yake, jan zuga-zugi ba tsayawa, don jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, alhali alminiyom ɗin masu zubin tukwane a 660 ya zama ruwa. In ƙarfen ya narke, ya kama da awartaki ya tsiyaya a kafar, shiru, ba mai magana. Bayan ya huce, ya sa masaba ya fasa yumɓun.

A lura da wannan fasawar, don ita ce asalin darajar kayan. Kakin ya tafi, mazubin ya fashe, saboda haka abin da ya fito ba shi da tagwai a duniya. In ka ga guda ashirin jere a rumfa, kamarsu ɗaya sak har da tabo a wuri ɗaya, to daga mazubi ɗaya aka kwafo su.

Mu Hausawa muna da wani tarihi da wannan ƙarfe kuwa, ko na mutanen kudu ne?

Muna da shi, mai tsawo ma. A 1353 Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda, can yankin Agadas, ya rubuta cewa mutanen garin na narka jan ƙarfe su yi shi sanduna, sirara da masu kauri, suna ciniki da su kamar kuɗi. Da siraran ake sayen nama da itace, da masu kaurin ake sayen gero da man shanu da alkama. Ya kuma ce ana kai ƙarfen Gobir da Barno.

Ga kuma Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ta jihar Katsina, inda kaburburan sarakunan farko suke. An tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka sami mundaye da kwanonin tagulla tare da wuri da duwatsun ado da zinariya. Ɗaya daga cikin kwanonin masana sun ce daga ƙasashen gabas ya fito, wajen Masar ko Sham. Ke nan tun wajen ƙarni na 14 tagulla na ƙetaro sahara tana shiga gidajen sarakunanmu.

Abin da ya bambanta mu da Ife ko Benin shi ne inda muka zuba basirarmu. Mu ba siffar mutum muka zuba ba. Tamu ta tafi kan doki da ɗakin amarya: likkafa, linzami, ƙararrawa, tasoshin jere, buta, mundayen hannu da na ƙafa. A ganina tsohuwar likkafa mai zane ba ta gaza mutum-mutumi a gwaninta ba, sai dai ba a ɗauke ta hoto an sa a littafin makaranta ba.

To waɗanne ne shahararrun na Najeriya da ya kamata mutum ya sani?

Huɗu, kuma kowanne da labarinsa.

Mafi tsufa su ne na Igbo-Ukwu a jihar Anambra. A ƙarshen shekarun 1930 wani magidanci na haƙa ramin tara ruwa a gidansa ya ci karo da su. Daga baya wani Bature masanin kayan tarihi, Thurstan Shaw, ya yi tono na ilimi a wurin a 1959 zuwa 1960, ya koma a 1964, aka gano kayan sun kai ƙarni na 9. Akwai wata tukunya da aka zuba ta kamar an ɗaure ta cikin ragar igiya, igiyar ma ƙarfe ce. Akwai kwanoni da aka yi wa ado da ƙwari, har da fara da ƙuda. Duk wanda ya taɓa riƙe kaki a hannu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Su ne kuma tagulla ta ainihi, mai kuza da dalma.

Na Ife kawunan mutane ne, fuska kamar za ta yi magana, wasu da tsaga siri-siri daga goshi har haɓa. An yi su tsakanin ƙarni na 12 da na 15. Da Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga ɗaya a 1910, sai ya ƙi yarda baƙar fata ne ya yi, ya ce wai aikin wata ɓatacciyar al'umma ce daga wani wuri. A 1938 ana haƙa harsashin gida a unguwar Wunmonije aka tono wasu da dama, kuma bincike ya tabbatar aikin mutanen Ife ne.

Na uku suna kusa da mu, a ƙasar Nufe, a ƙauyukan Tada da Jebba na bakin Kwara, waɗanda ake dangantawa da Tsoede, wanda aka ce shi ya kafa masarautar Nufe. Mafi shahara a cikinsu wani mutum ne a zaune, kusan jan ƙarfe zalla. Zan dawo kansa in mun zo maganar wanki.

Sai na Benin, waɗanda suka fi kowanne yawa da suna: kawunan sarakuna, damisa, zakaru, da alluna masu siffar fadawa da mayaƙa da aka manna a ginshiƙan fada. Yawancinsu mai tutiya ne, ba mai kuza ba, kuma an narka ɗimbin mundayen da Turawan Fotugal ke kawowa a matsayin kuɗi aka zuba su. Allunan nan littafin tarihin masarautar ne. Kowace hula da kowane takobi na nuna muƙamin mai shi, kamar yadda mu ma muke gane ɗan sarki da naɗin rawaninsa.

Na Nok fa?

Na Nok, wato tsofaffin siffofin da aka fara ganowa a ƙauyen Nok na kudancin Kaduna, ba tagulla ba ne, gasasshen yumɓu ne. Duk wanda ya kawo maka "tagullar Nok" ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Gaskiya ne Turawa sun fara dawo da waɗanda suka kwashe?

Gaskiya ne, amma da sauran tafiya. A watan Fabrairu na 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin, suka ƙone shi, suka kwashe dubban kaya, suka kai sarkin birnin, Oba Ovonramwen, Kalaba, inda ya rasu a 1914. An yi gwanjon kayan suka watsu a duniya. A Oktoban 2021 wata kwaleji ta jami'ar Kambirij ta mayar da zakaran tagulla, jami'ar Abadin ta Sikotilan ta mayar da kan wani sarki. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu ta miƙa wa Najeriya mallakar kaya fiye da 1,100. A 2025 Holan ta dawo da 119. Babban gidan tarihin Ingila da ke Landan kuwa har yanzu yana riƙe da fiye da 900.

Malam, ka yi haƙuri, amma ba gumaka ba ne waɗannan? Ya halatta Musulmi ya ajiye su?

Ba abin ba da haƙuri a nan, ɗan'uwa. Ita ce ma tambayar da ta fi cancanta a fara da ita, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da na ɗauko a zauren malamaina na fiƙihun Malikiyya shi ne: siffar abu mai rai, wadda ke da inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku, haramun ne yin ta. In ta rasa wani sashe da mai rai ba zai rayu ba sai da shi, hukuncin ya sassauta. An yi rangwame kan 'yar tsanar yara mata. Siffar bishiya ko fure ko zayyana kuwa ba laifi. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko siffa yana cikin Buhari da Muslim. Wasu kan kawo aya ta 13 ta Suratu Saba'i, inda aka ambaci siffofin da ake yi wa Annabi Sulaimanu, amma malamai sun ce wannan shari'ar waɗanda suka gabace mu ce.

Saboda haka ni a gidana ba mutum-mutumi ko ɗaya. Abin da nake tarawa shi ne likkafa da mundaye da tasoshi da ƙararrawa, kuma sun ishe ni. Shi kansa ƙarfen ba abin ƙi ba ne. A aya ta 12 ta wannan sura Allah ya ce ya gudanar wa Annabi Sulaimanu marmaron narkakken jan ƙarfe, a Suratul Kahfi aya ta 96 kuma da shi Zulƙarnaini ya liƙe katangarsa.

Sai dai akwai abin da nake roƙo da babbar murya. Rashin ajiye abu a ɗaki daban, hallaka shi daban. Na san wani dattijo, mutumin kirki, da ya tarar da 'yar siffar mahayin doki a cikin akwatin mahaifinsa, wanda ya yi fatauci wajen tafkin Chadi. Daga yadda aka kwatanta mini ita, ta yi kama da irin waɗanda Kotoko, mutanen wannan yankin, ke zubawa. Tsoron Allah ya sa ya ba masu narka ƙarfe ita a ranar. Niyyarsa mai kyau ce, amma da ya kai ta Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, da ta fita daga gidansa kamar yadda yake so, ɗalibai kuma su san har ina kakanninmu suka taka da fatauci. In ka sami irin wannan, ka tambayi malaminka hukuncin ajiyewa, sannan ka tambayi gidan tarihi ko za su karɓa.

Ta yaya zan gane tagulla ce ba wani ƙarfe aka shafa wa launi ba?

Fara da maganaɗisu, ko na tsohuwar sifikar rediyo ya isa. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne ɗam, baƙin ƙarfe ne aka rina. In ya ɗan ja a wuri ɗaya tak, kada ka yi saurin yanke hukunci, don masu zubi kan soka 'yan ƙusoshi su riƙe yumɓun ciki, wasu kan rage a jiki.

Sannan ka auna a tafin hannu. Tagulla ta ninka alminiyom mai girmanta nauyi fiye da sau uku. Ka ƙwanƙwasa da farce ko ɗan tsinke: tagulla kan yi amo mai ɗan ja, roba da aka cakuɗa da garin ƙarfe kuwa sai ka ji "ƙwas", kuma ba ta da sanyin ƙarfe in ka ɗora a kumatu. Akwai kuma ƙananan siffofi na ƙasashen waje da ake zubawa da tutiya kusan zalla a shafa musu ruwan tagulla. Juya gindin, ka duba inda ya goge: in fari-fari ne kamar toka, tutiya ce. In ja ne ko rawaya, to ka kama hanya. A ƙarshe ka bi gefe-gefe da yatsa. Layi miƙaƙƙe da ya raba abin gida biyu alamar mazubi mai ɓari biyu ce, irin ta masu tukwane ko ta masana'anta, ba zubin kaki ba.

Mai sayarwa ya rantse mini tsohuwa ce, daga kufai aka tono ta. In yarda?

Kada ka yarda, kuma in ma gaskiya ya faɗa, to matsalar ta fi girma, kamar yadda za ka gani a amsa ta gaba.

Ina matashin malami, ban san doka ba, ban san komai ba sai sha'awa, wani mutum ya tare ni a wata kasuwar ƙauye da wata katuwar munduwar ƙafa, kore shar, ƙasa maƙale a jikinta. Ya ce daga wani kufai ta fito. Na ba shi kuɗin da a lokacin zai sayi akuya. Kakana ya riga ya rasu, sai na kai wa wani tsohon abokin sana'arsa. Bai ce komai ba. Ya shinshina ta, ya jiƙa gefen rigarsa ya goga, koren ya biyo rigar. Sai ya juya cikinta ya nuna mini wasu layuka sirara, jere reras, tazararsu ɗaya. Ya ce, "Ɗana, hannu ba ya karta haka. Inji ne." Ya ce an jiƙa ta da ruwan batir da gishiri, an binne ta wata biyu ko uku. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau tana nan a wurina, ina nuna wa masu zuwa.

Tsatsar shekaru ɗaruruwa ba ta bin tsumma. Ta zama jiki ɗaya da ƙarfen, hawa-hawa, sau da yawa ja-ja a ƙasa, kore a sama. Gogewar gaskiya kuma tana inda jiki ke taɓawa: cikin munduwa, inda ƙafa ke zama a likkafa, hannun buta. In ka ga abu ya goge a lungun da hannu ba ya kaiwa, to da gangan aka yi. Masu binciken ƙwarai suna da na'urar da ke karanta haɗin ƙarfe, kuma in suka ga alminiyom a ciki magana ta ƙare, don bai wadata a duniya ba sai bayan 1886. Suna kuma iya auna ragowar yumɓun ciki su san yaushe ya sha wuta. Mu a ƙauye ba mu da waɗannan. Abin da muke da shi shi ne asali: na wane ne, a wurin wa ya gada, wa ya san shi da shi.

Ina noma garma ta tono mini wani abu. Me zan yi?

Baba, ka dakata da haƙa. Kada ka wanke, kada ka kankare. Ka sa yaro ya ɗauki hotonsa a inda yake, ka sa alama a wurin, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan a kai labari ga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Gidan Makama ƙarƙashinta yake.

Dokar da ta kafa hukumar, mai lamba 77 ta 1979, ta ce aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne. Ba a saye ko sayar da shi sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ba a kuma fitar da shi ƙasar waje sai da takardar izini. Ba a yi tono don neman irinsa sai da izini. Shi ya sa ni tsofaffin da ke hannuna na gado ne, abin da nake saye kuwa na baya-bayan nan ne.

Ban da doka, akwai dalilin da ya fi damuna. Abin da aka tono a ɓoye aka sa a buhu ya rasa rabin maganarsa. Zurfin da yake, da gawayin da ke kusa da shi, da fasassun tukwanen da ke gefensa, su ne ke faɗin shekarunsa. Da mutumin Igbo-Ukwu ya sayar wa mai narka ƙarfe, da har yau ana cewa sai da Turawa suka zo muka koyi zubi.

Ke nan sabon zubi ba shi da daraja?

Yana da ita, muddin an sayar maka da shi a matsayin sabo. Masu zubi na titin Igun a Benin har yau suna aiki, gado ne na kaka da kakanni. Maƙeran Bida na nan suna buga faranti da buta masu zane, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin biranen sana'ar hannu a 2021. Fumban ta Kamaru ma cike take da masu zubi, kuma kaya da yawa da ake yawo da su da sunan "tsohon Benin" daga irin waɗannan wurare suke, dillalai ne ke tsofar da su a hanya. A Kurmi za ka sami sababbi masu kyau, ka yi ciniki a kan kyan aiki, ba a kan labari ba.

Akwai kuma aikin masu fasaha na zamani, irin su Ben Enwonwu, wanda siffarsa mai suna Anyanwu ke gaban gidan tarihi na Legas, wata kuma aka kai Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966. Irin wannan aiki kan zo da sa hannun mai shi, wani lokaci da lamba kamar 3/8, wato na uku cikin takwas da aka zuba. Sa hannun ma ana kwaikwayonsa, saboda haka takardar asali ta fi shi.

Malam, tasoshin jeren mahaifiyata sun yi baƙi. In goge su da toka da tsamiya?

Hajiya, in tasar da ake amfani da ita ce kullum, kuma tun asali ana goge ta, ba laifi, sai dai a bar yashi da soson ƙarfe. Amma in tsohuwa ce mai zane da aka ajiye don tarihi, don Allah ki bar ta da duhunta. Duhun nan riga ce da ƙarfen ya saƙa wa kansa, ita ke kare shi. Tsamiya da lemon tsami na cinye ta, toka da yashi na cin zanen.

Mutum-mutumin Tada da na ambata shi ne shaida. Mutanen ƙauyen sun riƙe shi da daraja, duk Juma'a sukan kai shi bakin kogi su cuɗa shi da tsakuwa. Shekara da shekaru ana haka, har fuskarsa da zanen jikinsa suka shafe sumul. Ba ƙiyayya ta yi masa haka ba, kulawa ce.

Abin da ya isa shi ne busasshen tsumma mai laushi, da burushi mai taushi don ƙurar hunturu da ke shiga zane. Kada a shafa man gyaɗa ko man shanu ko baƙin mai, ƙura suke kamawa su daskare. Babban abokin gaba shi ne laimar damina in ta haɗu da gishiri. Kada a ajiye tagulla a ƙasan ɗaki, ko jikin bangon da ke tsatsafo ruwa, ko ɗaki ɗaya da buhun takin zamani, gishiri ko kanwa. In kika ga wani kore mai haske, gari-gari kamar an barbaɗa kuka, kika share ya dawo bayan kwanaki, to wannan ciwo ne, yana cin ƙarfen har ya huda shi. Ki ware wannan tasar daban, ki sa ta a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, sannan a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi.

Ana iya shan fura a tsohuwar tasar tagulla?

A'a. Tsamin nono na narkar da koren, shi kuma guba ne, ga dalmar da ke cikin tsohon haɗi. Kada kuma a bar yara su riƙa sa ƙananan kayan a baki.

Nawa za a saya? 'Yan jari-bola sun yi mini tayi.

Ɗan jari-bola sikeli yake kallo, kuma ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. A wurinsa munduwar kakarka da tsohuwar wayar injin ban-ruwa kuɗinsu ɗaya in nauyinsu ɗaya. A gidanmu aka yi haka. Wata shekara da abinci ya yi tsada, aka fitar da mundayen kakata guda shida, waɗanda kakana ya zuba mata da hannunsa, aka ɗora a sikeli. Kuɗin bai kai mako ana ci ba. Ina wurin aiki a lokacin, da na dawo na bi sawu har gari biyu, an riga an loda su a mota. Ba na zargin kowa, yunwa ba ta da kara. Amma da an yi shawara, akwai 'yan'uwa uku da za su biya ninkin kuɗin su bar su a cikin dangi.

Saboda haka in dole ta kama, a fara tallata wa dangi. Game da farashi kuwa, ba na yanke wa abu kuɗi daga hoto. Abin da ke ɗaga shi shi ne asali sananne, da kyan aiki, da lafiyar jikinsa, da ƙarancin irinsa. Sannan a yi hattara da masu yawo suna cewa wai tsohuwar tasa ko tsohon dutsen guga na ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye da miliyoyi, sai ka ba da kuɗin gwaji tukuna. Damfara ce tsagwaronta.

Ina sha'awar fara tarawa, amma ba ni da kuɗi sosai. Daga ina zan fara?

Daga ɗakin kakarka, da littafin rubutu na 'yan makaranta. Kafin ka sayi ko zobe, ka zauna da tsofaffin gidanku ka tambaye su kowane abu: wa ya ƙera, a wane gari, a auren wa aka kawo shi, zamanin wane sarki. Ka rubuta, ka ba abin lamba, ka ɗaura masa 'yar takarda da zare, ka ɗauki hoto. Kada ka rubuta lambar a jikin ƙarfen, kada kuma ka manna masa salatif.

Sannan ka horar da idonka. Ka shiga Gidan Makama, in hali ya yi ka je gidan tarihi na Kaduna ko na Jos. Ka zaga wajen masu kayan doki a Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ka ɗauka, ka juya, ka ajiye, ba sai ka saya ba. In akwai maƙerin fari da ya rage a yankinku, ka kai masa goro ka roƙi ya bar ka ka zauna ranar zubi. Ka zaɓi abu ɗaya ka san shi sosai. Ni da ƙararrawar doki na fara, kuma lamba ta 1 a littafina ita ce wadda na ja wa zuga-zugi ina ɗan shekara tara. Tana da ɗan rami a gefe inda ƙarfen bai cika ba, shi ya sa kakana bai kai ta kasuwa ba, ya ba ni.